Ranar da Yaya Ya Auna 'Yarsa

Yayana malamin lissafi ne tun farko, kafin makarantar sakandaren da yake koyarwa ta ba shi wani ɗan ofis a ƙarshen baranda, tsakanin ɗakin ajiye tsintsiyoyi da matakalar bene, ta ce daga yau shi ne zai riƙa ba 'yan ajin ƙarshe shawarar inda za su nemi ci gaba da karatu. Ba a daɗe ba yara suka laƙaba masa Malam Sikeli. Ya san da sunan, bai taɓa nuna ya sani ba, amma ni da nake bi masa na san yana jin daɗinsa a ransa. Tun muna ƙanana haka yake. In aka ba mu abu aka ce mu raba, sai ya auna ya sake aunawa, har yunwa ta sa in ce ya ɗauki babban, ni dai ya sallame ni.

Sai na faɗi yadda neman makaranta yake a wajenmu, in ba haka ba za a ɗauka aikin Yaya surutu ne kawai. Akwai wata kwaleji da kowa yake kira Ta Kan Tudu. Nan ake yaye manyan injiniyoyi, kuma masu nema sun ninka waɗanda ake ɗauka nesa ba kusa ba. Kowane ɗalibi makaranta ɗaya yake da damar sawa a zaɓin farko. Ta Kan Tudu ko kallon wanda ya sa ta a na biyu ba ta yi, sauran masu ɗan dama-dama kuma su ma da nasu girman kan, ba sa son a mayar da su 'yan cike gurbi. Yaron da ya miƙa hannu sama bai samu ba, sai ya sauko ya tarar an cinye na ƙasa, ya zauna shekara guda a gida, ba tsuntsu ba tarko. Ƙarin abin takaicin, Ta Kan Tudu sabbin gamawa kaɗai take karɓa. In ta wuce ka a shekararka, ta wuce ka ke nan har abada.

To wannan shi ne abin da Yaya yake aunawa. A ofishin nasa ba komai sai tebur, kujeru biyu, kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa sai an doke shi da gwiwa, da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Yaro zai shiga ya zauna. Yaya zai baje sakamakonsa na duk shekarun babban aji, ba na ƙarshe kaɗai ba, ya bi da ɗan yatsa yana neman inda maki ya taɓa faɗuwa, ya tambayi dalili. Sai ya ba shi tambaya ɗaya ya ce ya warware ta da baki, a tsaye, kamar yadda za a sa shi ya yi a gaban malaman kwalejin ranar ganawa. Daga nan sai ya jingina da kujera ya faɗi ɗaya daga cikin maganganunsa uku: nema, ko nema amma da ƙyar ne, ko kada ka nema. Ba ya sa wa maganar sukari. Yakan ce gaskiya ɗaci gare ta, amma ɗacin yini ɗaya ya fi na shekara.

Ni shagon ɗinkina yana tsallaken titi, daidai ƙofar makarantar, kayan 'yan makaranta nake ɗinkawa. Duk lokacin da aka fara shiga wurin Yaya, ba na bukatar a ba ni labari. Daga yadda yaro ya riƙo jakarsa nake gane abin da aka gaya masa. Iyaye kuwa na ga iri-iri. Akwai masu zuwa da roƙo kamar shi ne yake raba guraben, akwai masu zuwa da kyauta a leda su koma da abinsu, akwai wani uba da ya tsaya a baranda yana ɗaga murya wai ɗansa ya fi ƙarfin a ce masa kada. Yaya ya bar shi ya gama, ya ce masa a shirye yake ya sa hannu a takardar neman yaron in sun nace, shawara ce ba doka ba. Suka nace. Yaron ya yi shekara yana zaman bakin titi.

Kada a ɗauka mugu ne. Wanda duk ya ce wa kada, ba ya barinsa haka nan. Zai zauna da shi ya lalubo masa wata makarantar da ta yi daidai da shi, in ta kama ya taka har gidansu ya lallashi uwa. Na sha ganinsa da yamma yana dawowa daga irin wannan tafiyar, takalmi ya yi buɗu-buɗu, ya zauna a bencin shagona yana sauke numfashi. Nakan tsokane shi in ce, wai shin waɗanda ka hana, ta yaya ka san da ba a ɗauke su ba? Sai ya lissafo mini 'yan tsirarun da suka ƙi jin maganarsa, ya ce in nuna masa ɗaya da ya dawo da dariya. Ba ni da ko ɗaya. A haka sunansa ya kafu, har iyayen wasu makarantun suna kawo masa 'ya'yansu a ɓoye.

Matarsa ta rasu ta bar masa maza biyu da suka tasa, da mace ɗaya da ko yaye ba a daɗe da yi mata ba. Ita ce Auta. Mazan suka girma suka kama gabansu, gidan ya rage daga shi sai ita. Bai sake aure ba, duk da na yi magana har na gaji. Shi ya yi mata wanka, shi ya koya mata ɗaura igiyar takalmi, har kitso ya gwada, sai da na ga kan yarinya kamar gonar da awaki suka shiga na karɓe wannan aikin daga hannunsa. Ya san tarinta a cikin tarin yara ɗari. Ya san abincin da take turewa gefe, ya san irin shirunta na fushi da irin na tsoro.

Auta kuwa tun tana ƙarama ginin gada ne wasanta. Za ta kwashe ƙwaryar zarena da tsinken tsintsiya, ta haɗa daga bakin baho zuwa ɗaya bakin, ta ɗora almakashina a kai ta ga ko zai ɗauka. Almakashi nawa na tsamo daga ruwa, Allah kaɗai ya sani. Da ta shiga sakandare, in ba ta zo ta ɗaya ba ta zo ta biyu, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa cewa Ta Kan Tudu za ta ba. Malamai suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma akwai abin da malamai ba su sani ba, mu na gida muka sani. Duk jajibirin jarrabawa Auta ba ta iya cin abinci, in ta ci sai ta amayar. Takan zauna a bakin gado tana kuka tana cewa ta manta komai. Akwai ranar da aka tsayar da ita muhawara a gaban makaranta, ta buɗe baki magana ta ƙi fita, sai da aka zaunar da ita. Da safe kuma sai ta wanke fuska ta je ta rubuta jarrabawar ta fi kowa.

Tana da ƙawa ɗaya, 'yar wani direban bas, wadda ake kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa. Yarinya ce mai ƙoƙari, amma kullum tana bayan Auta, wani lokacin da tazara. Rabin lissafin da Rediyo ta iya a shagona ta koye shi, a kan teburin yanka, Auta tana zana mata da allin tela.

Da shekararsu ta zo, shugabar makarantar ta kira Yaya ta ce ko zai bar wani malamin ya duba Auta, don a sauƙaƙa masa. Ya ƙi. Ya ce in ba zai iya auna tasa ba, ba shi da bakin auna ta wani. Ni ma na ce masa likita ma ba ya yi wa ɗansa tiyata, ya ce ai shi ba wuƙa yake riƙewa ba. Ya kuma hana a yi maganar a gida. Ya ce ta bi layi a baranda kamar kowa, ta shiga in an kira ta, ta kira shi Malam.

Ranar ina shago ina ta leƙen ƙofar makaranta, har na ɗinke aljihun wando a bai-bai. Rediyo ce ta fara fitowa, tana tsalle, wai an ce mata da ƙyar ne, ita kuwa da ƙyar ɗin ma ya ishe ta. Auta ta daɗe a ciki fiye da kowa. Da ta fito ba ta kalli kowa ba, ta tsallako titi ta shigo shagona, ta zauna a benci ta fara tsince zare daga ƙyallayen da ke ƙasa tana tarawa a tafin hannu. Na kashe keke na jira. Can ta ba ni labari, muryarta ba hawa ba sauka. Wai Yaya ya ce takardunta sun isa a kira ta, wannan ba shakka. Amma bayan takardu akwai jarrabawar shiga, akwai ganawa da baki a gaban baƙin fuskoki, shi kuwa ya san ta. Ya tuna mata muhawarar, ya tuna mata aman, ya ce lissafin ma ai da shi a gefenta take yi kullum a teburin gida, can kuwa ba kowa. Ya ce in ta daskare a ganawar ta rasa duka biyu, in ma an ɗauke ta wurin zai karya ta. Ya ce kada ta nema.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rufe shago da rana tsaka na tafi gidansa na jira shi. Da ya dawo ko ruwa ban bari ya sha ba. Na ce masa abin da ya zo bakina, mai daɗi da marar daɗi, har na tono masa rabon abincinmu na yarinta. Ya tsaya yana saurare da jakarsa a hannu, idanunsa sun yi ja, na gane shi ma bai ji daɗin yinin ba. Da na gama ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ce ni goggo ce, so ne yake magana a bakina, shi kuwa da ya bi son ransa da tuni ya ce ta nema, don ba wanda ya kai shi son ganinta a can. Ya tambaye ni ko ƙarya ya yi a cikin abin da ya lissafa. Ba ƙarya ko ɗaya. Na fita na doko masa ƙofa.

Na koma kan Auta. Na ce ta nema kawai, ai ya ce zai sa hannu in ta nace. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce shekara ɗaya a gida ba mutuwa ba ce, ga shago ta zo mu zauna. Ta dube ni ta ce:

"Goggo, Baba bai taɓa kuskure a kan ɗan kowa ba. A kaina zai fara?"

Ta sa wata kwaleji da ke kusa da gida a zaɓin farko. Ba a koyar da aikin injiniya a can, sai ta ɗauki fannin gudanar da ofis, wanda Yaya ya ce ba a rasa aiki da shi. Suka ɗauke ta hannu bibbiyu.

Rediyo kuwa ta tafi ganawarta, aka yi ta jira, sakamako ya fito, Ta Kan Tudu ta ɗauke ta. Ubanta ya yi ta danna hon a layinmu kamar motar ta samu taɓin hankali. Washegari da la'asar ya kawo ta gidan Yaya godiya, ni ma ina nan, Auta ce ta kawo musu shayi. Ta rungume ƙawarta, ta yi mata murna, kuma na rantse murnar ta gaskiya ce. Rediyo ta buɗe baki kamar yadda ta saba, ba ta san abin da take takawa ba. Ta ce ai ita ta ɗauka ta faɗi, don da suka jefo mata tambayar farko kanta ya ɗauke gaba ɗaya, ta tsaya kamar gunki, har hawaye suka zubo mata. Sai wata tsohuwar malama a cikinsu ta miƙo mata ruwa, ta ce ta zauna ta huta, rabin waɗanda suke zuwa haka suke yi, su ba rawar baki suke dubawa ba. Suka jira ta ta dawo hayyacinta, ta warware tambayar da hanyar da Auta ta koya mata. Rediyo ta ce a bayin wurin ma layi ake yi na masu amai.

Direban ya yi dariya, ni ma na yi abin da ya yi kama da ita. Auta ta tattara kofuna ta shiga ciki. Yaya yana zaune da kofinsa a hannu bai kurɓa ba, yana kallon Rediyo kamar yau ya fara ganinta. Ya yi musu addu'a, ya raka su ƙofa, ya dawo ya zauna a inda ya tashi. Ni kuwa a ranar ban iya tsokana ba, na ɗauki mayafina na tafi.

Auta ba ta ce masa komai ba, ranar ko bayanta. Ita ta taya Rediyo haɗa kaya, ita ta zaɓa mata yadin da na ɗinka mata na tafiya. Ta shiga kwalejinta, tana fita da safe tana dawowa da yamma, tana dafa masa abinci, tana goge masa riguna. Abu ɗaya na lura da shi, ta daina zama a teburin nan nasu na lissafi. Ta mayar da shi wurin ajiye kwanuka.

Shekarar da ta biyo baya ce aka gane sikelin ya lalace. Yaro zai shiga da makin da ko ni na san bai kai ba, Yaya zai baje takardu, ya bi da yatsa, ya jingina, ya buɗe baki, sai a ji ya ce nema. Na gaba ma nema. Kalmar kada ta ƙi fita daga bakinsa. Yara suka yi ta fitowa suna tsalle, ni ina shago gabana yana faɗuwa. Da yake maganarsa ce, iyaye ba su yi tantama ba. Sakamako ya fito, aka ɗauki 'yan kaɗan ɗin da dama za a ɗauka, sauran suka zube. Na ga uwar da ta zo ta zauna a matakalar bene tana kuka, tana cewa ita da Malam ya ce kada da ta haƙura. Yaya ya fito ya tsaya a gabanta, bai kare kansa da kalma ɗaya ba. Ya bi gidajen yaran nan ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri, wasu suka buɗe masa ƙofa, wasu suka bar shi a tsaye.

Shugabar makarantar mace ce mai kara. Ba ta kore shi ba, ta ce ɗakin karatu yana bukatar babban mutum, ta ba wani matashin malami ofishin. Yaya ya koma cikin littattafai yana manna musu lamba yana kaɗe ƙura. Sababbin ɗalibai ba su san an taɓa kiransa da wani suna ba, tsohon laburare suke ce masa. A nan ya ƙarasa shekarunsa har ya yi ritaya, aka yi masa ɗan taro a ɗakin malamai, aka ba shi agogon bango.

Sau ɗaya ya taɓa yi mini maganar. Ya zo shago a gyara masa wuyan riga, ya zauna yana kallon ƙofar makarantar, sai na ji ya ce, ba tare da ya juyo ba, 'ya'yan mutane rabin awa yake ganinsu, da takarda da tsayuwa a gabansa, iyakar abin da kwalejin ma za ta gani ke nan. Auta kuwa ya ɗora mata har da abin da ya gani ta ƙofar ɗakinta. Ya ce da ya kwana gida ɗaya da Rediyo, da ita ma ya hana ta. Na daɗe ina jiran ranar da zai faɗi haka don in ce ai na gaya maka, amma da ranar ta zo sai tausayinsa ya kama ni, na ce ya ɗaga haɓa in auna wuyan.

Auta ta gama, ta samu aiki a ofishin wani kamfanin sufuri, tana tsara wa direbobi ranakun fita. Ta yi aure, ta haifi 'ya mace. Ba za ka ce tana cikin wahala ba, ba kuma za ka ce ga abin da yake faranta mata rai ba. Mace ce mai tsari, mai ɗan murmushi, ba ta makara ba ta ƙorafi. Rediyo takan kira ta jefi-jefi daga wuraren da ake aikin hanya, Auta ta amsa da fara'a, in ta ajiye wayar ta tashi ta nemi abin wankewa. Ni da na san yarinyar da take jefa mini almakashi a baho, ganin wannan nutsattsiyar matar yana ƙona mini rai, kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara.

Bayan ritaya da 'yan shekaru ɓarin jikin Yaya na hagu ya shanye. Magana ta dawo masa amma a hankali, kamar yana ɗauko kowace kalma daga ɗaki. Ni nake kwana a wurinsa, Auta kuma duk ƙarshen mako tana zuwa ta jera masa magunguna, ta canza zanen gado, ta yanke masa farce. Wata rana ya ce mini yana so ya gaya wa Auta gaskiyar maganar Ta Kan Tudu kafin ƙasa ta rufe masa ido. Ya ce shekara da shekaru yana jira ta tambaye shi, ya tanadi amsa, ta ƙi tambaya. Yana so in zauna a wurin don kada ya fara ya kasa. Har gwaji ya yi a gabana, yana maimaita maganar yana gyarawa, kamar yaron da zai shiga ganawa. Na ce masa hakan ya yi, don ni a ganina gyambon da aka rufe ba ya warkewa.

Ta zo da hantsi. Muka fito da shi baranda a kujerarsa, ta jawo ƙaramar kujera ta zauna a gabansa, ta shimfiɗa tawul a cinyarta, ta kama hannunsa na dama ta fara yanka. 'Yarta tana tsakar gida tana wasa da murfin kwalba. Yaya ya dube ni, na gyaɗa masa kai. Ya ce, Auta, maganar Ta Kan Tudu, ranar da kika shigo ofishina. Ya tsaya ya nemo numfashi. Ya ce akwai abin da ya kamata ta sani.

Ba ta ɗago ba. Ta tsayar da abin yankan a kan farcensa ta ce:

"Baba, kada ka faɗa."

Ya ce ai hakkinta ne.

"Na san abin da za ka ce. In ka faɗa, me zan yi da shi? Ina zan kai shi?" Ta goge ɗan yatsan da tawul. "Ka ce da na je da na daskare, da wurin ya karya ni. Na yarda. A kan maganar nan na yi karatuna, a kanta na yi aure, a kanta nake tashi kullum in tafi ofis. In ka janye ta yanzu, a kan me zan zauna?"

Na buɗe baki zan sa baki, ta ce, Goggo, don Allah. Na rufe. Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi, idonta a bushe.

"Gaskiya ka gaya mini ranar, ko ba haka ba? Da ba za su ɗauke ni ba."

Na tashi da mutumin nan, na san shi tun yana ɗan gajeren wando. Ya ɓata wa manya rai, ya rasa abokai, ya sa 'ya'yan mutane kuka, duk don ba zai iya faɗin abin da bai yarda da shi ba. Ko a shekarar da ya yi ta cewa nema, tsoro ne ya ruɗa shi, ba niyyar ƙarya ba. Na ga leɓensa yana motsi, ɓangaren da yake motsin. Ya daɗe yana kallonta.

"Da ba za su ɗauke ki ba," in ji shi.

Ta ce, "To, shi ke nan."

Ta sunkuyar da kai ta ƙarasa ƙaramin yatsan, ta kaɗe tawul ɗin, ta ce ya kawo ɗaya hannun. Ya yi ƙoƙari, hannun bai taso ba. Ta miƙa ta ɗauko shi da kanta, ta ɗora a cinyarta, ta ci gaba da yanka.